Rigar da Ba Ta Yi wa Kowa Alkawarin Tsawon Rai Ba

Wanda ya zauna a Farcha ta birnin Injamena ba sai an ba shi labarin jirgin yaƙi ba. Unguwarmu tana tsakanin kogin Shari da filin jirgin sama na Hassan Djamous, kuma a jikin filin ne sansanin Adji Kosseï yake, inda sojojin saman Faransa suka yi shekara da shekaru kafin su miƙa shi ga Chadi ranar 30 ga Janairun 2025. Mun tashi da rugugin Jaguar, muka manyanta da na Mirage, yau kuma na Sukhoi da jirage masu saukar ungulu na ƙasarmu muke ji. In suna tashi, mai magana kan dakata, kwanon rufi ya yi ta karkarwa har su wuce. Duk da wannan kusanci, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa riƙe rigar da matuƙin ke sawa a hannunsu. Ni na riƙe, don sana'ata ɗinki, kuma a kan wannan riga ne aka yi mini tambayar da nake son tattaunawa da mai karatu: idan ajali ba ya gaba ba ya baya, me ya kai mutum ga neman rigar da ba ta cin wuta?

Ɗan maƙwabcinmu ne ya kawo ta, yaron da na ɗinka wa kayan sallah tun bai san kansa ba, yanzu kuma yana aiki da jiragen soja. Riga ce haɗe da wando, koriya, zif ɗaya tun daga wuya har ƙasa, ga aljifai a ƙirji da cinya da damtse. Ɗinkin hammata ne ya ɓalle. Na jawo zaren da nake aiki da shi kullum zan zura a keke, sai ya tare ni.

"Baba, don Allah ba da wannan ba. Ga nata zaren na zo da shi."

Na ce masa ai launinsu ɗaya. Bai yi gardama ba, ashana ya nema. Mu teloli mun daɗe da sanin gwajin ashana: auduga takan ci da wuta ta bar toka mai laushi, tana warin takarda, ulu yakan yi ƙaurin gashi, yadin roba kuwa narkewa yake. Ya kara wa zarena wuta, nan take ya nannaɗe, ya koma ɗan baƙin dunƙule mai ƙyalli yana warin leda. Da na taɓa shi da ɗan yatsa sai ya manne mini, na cire shi da ƙyar, wurin ya yi ja. Sannan ya kara wa nasa. Ya ɗan tsuke, ya yi baƙi, amma da ya janye ashanar wutar ta mutu. Na murza shi, ya farfashe kamar gawayi, babu abin da ya manne. Ya ce in aka yi ɗinkin da zarena, a cikin wuta ɗinkin ne zai fara sakewa, rigar ta buɗe daidai inda ake buƙatar ta rufe.

Yayana yana zaune a benci yana kallonmu. Mutum ne da ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, a wurinsa na ɗauki Ahalari da Ishmawi. Ya ce, "Yaro, in kwananka ya ƙare a sama, zare ne zai hana?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Allah gafarta Malam," bai ƙara ba. Ladabi ne ya hana shi ci gaba, amma tambayar ta cancanci amsa cikakkiya, don yayana bai faɗi ƙarya ba.

Hujjarsa ma tana da ƙarfi fiye da yadda ya kawo ta. Ranar 19 ga Satumban 1989, jirgin fasinja na UTA mai lamba 772 ya tashi daga wannan filin namu zai tafi Paris, bam ya tarwatsa shi a saman hamadar Tenere ta Nijar, mutum 170 suka rasu, babu wanda ya fita. Shekara biyu kafin nan, ranar 7 ga Satumban 1987, sojojin Faransa sun harbo jirgin Libiya samfurin Tupolev 22 a sararin birnin nan, waɗanda ke cikinsa suka mutu. Babu rigar da za ta yi wa waɗannan amfani, ko da zaren me aka saƙa ta. Mun kuma ga mutanen da mota ta ƙone ƙurmus suka fito ko ƙwarzane babu, sanye da 'yar shara ta gwanjo. Na yarda da wannan duka. Na yi imani rai ba ya fita sai lokacinsa ya yi, kuma ba ni da niyyar rage komai daga wannan imani don in kare wata riga.

Inda na rabu da yayana shi ne, maganarsa ta ɗauka cewa wuta abu biyu kaɗai take haifarwa, ko mutuwa ko kuɓuta. Akwai na uku, kuma a kansa ne aka fara neman wannan tufa. A Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jiragen Ingila irin su Hurricane suna zama ne da tankin mai a gabansu. In harsashi ya huda tankin, wuta ta shigo musu, da matuƙi ya buɗe murfi don ya yi tsalle sai iska ta ƙara hura ta a kan fuskarsa. Da yawa sun sauka da lema suna raye. Wani likita ɗan New Zealand, Archibald McIndoe, shi ya riƙa karɓarsu a asibitin Sarauniya Victoria da ke East Grinstead. Ƙunar kusan iri ɗaya ce a kowa: fuska da hannuwa, musamman ga waɗanda suka cire safar hannu don su ji daɗin riƙe sandar tuƙi, ko suka ɗage tabarau. Samari 'yan shekara ashirin da 'yan kai suka wayi gari babu fatar da za su rufe ido da ita, yatsu sun ƙanƙance sun haɗe. Ana yi wa mutum ɗaya tiyata sau goma, sau ashirin. A 1941 suka kafa ƙungiyarsu, kuma zuwa ƙarshen yaƙin mambobinta sun kai 649. Ajalin waɗannan mutane bai zo ranar da jirginsu ya kama wuta ba. Wasu sun ƙara shekara hamsin a duniya. Abin tambaya a kansu shi ne da wace fuska da waɗanne hannuwa suka yi shekarun nan.

Saboda haka in aka ce riga ba ta hana mutuwa, sai in ce ba ta taɓa cewa za ta hana ba. Ajali ɓoyayye ne, ba a ɗora mana saninsa ba. Fata kuwa a bayyane take, amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu yadda muka yi da ita.

Abin da rigar ta yi alkawari ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma ƙanƙantarsa ce ta sa na amince da ita. Zaren da aka fi sani shi ne Nomex na kamfanin DuPont na Amurka, wanda masanin sinadarai Wilfred Sweeny ya yi aiki a kansa, aka fara sayar da shi a 1967, shekarar da wuta ta kashe 'yan sama jannati uku a cikin kumbon Apollo 1 tun yana ƙasa ana gwaji. Faransawa suna da nasu, Kermel, da ake yi a garin Colmar. Irin wannan zare ba ya narkewa kuma ba ya ɗiga. Sai zafi ya kai wajen digiri 370 yake fara babbakewa, ya yi kauri, in an janye wuta ya mutu da kansa. Yadin roba da ya cika kasuwanninmu yana narkewa tun a wajen digiri 250, ya bi fata ya manne. Dalilin da ya sa ke nan a 2006 aka hana sojojin kundumbalar ruwa na Amurka a Iraƙi sa rigunan wasanni na roba in za su fita sintiri. To amma ko Nomex ɗin ba ya mayar da mutum dutse. Zafi yana ratsa shi, a hankali ne kawai. Abin da yake saya wa matuƙi shi ne sakan uku, huɗu, ko ɗan fiye, gwargwadon abin da ke ƙarƙashinsa. Daidai lokacin da mutum zai kwance bel, ya ture ƙofa, ya fice daga tafkin man da ke ci.

Ta yaya aka san sakan nawa ne? An auna, kuma an biya kuɗin awon da fata. A 1947 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Moritz da Henriques, suka yi gwaji a kan fatar alade, don ta fi kama da tamu, da kuma ta mutanen da suka ba da kansu. Suka gano cewa a digiri 44 sai an yi kusan awa shida kafin fata ta lalace, amma a digiri 70 ko sakan ɗaya ba a buƙata. Daga baya wata mata mai suna Alice Stoll, da ke aiki a cibiyar binciken jiragen sojan ruwan Amurka a Pennsylvania, ta ci gaba daga nan. Masu sa kai suna miƙa mata damtse, a shafa wa wurin baƙi, a haska masa zafin da aka auna, a rubuta lokacin da raɗaɗi ya fara da lokacin da bororo ya tashi. Ita da abokiyar aikinta Maria Chianta suka fitar da ma'aunin da har yau ake hukunta yadi da shi. A shekarun 1970 kuma aka ƙera mutum-mutumi mai tsayin namiji, Thermo-Man, aka dasa masa na'urorin jin zafi 122 a jiki. A sa masa rigar, a kewaye shi da bakunan wutar gas, a sake masa ita na 'yan sakanni, ya ɓace a cikin harshenta gaba ɗaya. Bayan an kashe wutar ba a daina awo ba, don zafin da yadi ya ɗauka yana ci gaba da shiga jiki. Sannan kwamfuta ta zana siffar mutum ta nuna inda ƙuna ta tsaya a sama da inda ta ci har ƙasa. In zanen ya nuna cinya ko kafaɗa ta ƙone, a koma a sake saƙa, a sake yanka, a sake gwadawa.

Wannan sake-saken ne wasu ke gani kamar ƙarancin tawakkali, ni kuwa a littafinmu na fara ganin tushensa. A Suratun Nahli, aya ta 81, an lissafa tufafin da ke kare mutane daga zafi da waɗanda ke kare su a fagen yaƙi a cikin ni'imomin Allah. A Suratul Anbiya an ambaci cewa Annabi Dawuda, Alaihis Salam, koya masa ƙirar sulke aka yi. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Suratu Saba, inda aka umarce shi da ya daidaita awon zobban sulken. Malaman tafsiri sun yi bayanin cewa kada ƙusa ta yi siriri ta yi ta lilo a cikin zobe, kada kuma ta yi kauri ta fasa shi. Annabi ne wanda aka tausasa masa ƙarfe, amma ba a yafe masa awo ba. Ni da nake yini da tef a wuya, wannan magana ba ta yi mini nisa ba ko kaɗan. Idan an nemi mai mu'ujiza ya auna, wane ne ni da zan ɗinka rigar matuƙi da zaren da na ga dama in ce Allah zai kiyaye?

A ranar Uhudu kuma, shekara ta 3 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sulke biyu ya haɗa. Babu wanda ya fi shi sanin cewa rai a hannun Allah yake. Duk da sulken an ji masa rauni: an fasa masa fuska, haƙorinsa ya karye, zobba biyu na kwalkwalinsa suka nutse a kuncinsa, har Abu Ubaida ɗan Jarrahu ya cire su da haƙoransa, nasa biyu suka fita. Ashe kariya tana da iyaka ko a jikin fiyayyen halitta, kuma iyakar ba ta zama dalilin barin ta ba. Shi wannan Abu Ubaida ne, shekaru bayan haka, ya tambayi Sayyadina Umar ko gudun ƙaddara yake yi, lokacin da Umar ya juya da jama'a daga Sargu saboda labarin annoba a Sham. Amsar Umar, kamar yadda ta zo a Muwaɗɗa, ita ce juyawar ma ƙaddara ce. Sa rigar yana cikin abin da aka rubuta, rashin sa ta ma haka. Bambancin shi ne ɗaya daga cikinsu za a tambaye ka dalili.

Kakanninmu ba baƙin wannan tunani ba ne. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi yana tare kibiya, amma da yake cushe yake da auduga, abokan gaba suka koyi harba masa kibiyar wuta. Kowace kariya da ƙofar da take bari. Sai dai tare da lifidi mun gaji wani abu dabam, wato rigar layu da maganin ƙarfe da maganin bindiga, kuma nan ne nake ganin an haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Addu'a roƙo ce, mai yin ta ya san Wanda yake roƙo yana da ikon bayarwa da hanawa, ni ma ban taɓa barin yaron nan ya fita shagona ban yi masa ita ba. Mai sayar da maganin bindiga kuwa tabbaci yake bayarwa, ya karɓi kuɗi. In harsashi ya shiga, sai ya ce mamacin ne ya karya sharaɗi, kuma mamaci ba ya tashi ya kare kansa. Mai karatu zai iya cewa ai rigar matuƙi ma tana da sharuɗɗa: kada a sa mata sitati, kada a wanke ta da jabel, kada a bar maiƙo ya jiƙa ta, a sa auduga a ƙarƙashinta, kada a naɗe hannu ko da zafin Afrilun Injamena ya haura digiri 40. Gaskiya ne. Amma kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ana iya nuna dalilinsa a gaban idonka da ashana ɗaya da ƙyalle biyu. Abin da ya yarda a gwada shi, ya faɗi iyakarsa, ya bar sauran ga Allah, shi ne a ganina ya fi kusa da tauhidi. Wanda ya ce ya rufe kowace ƙofa ya yi da'awar abin da ba nasa ba.

Akwai kuma batun wanda ya dace ya ce ƙaddara ce. Uwar da aka kawo wa gawar ɗanta, wannan kalma ita ce ruwan sanyinta, kuma babu mai ikon hana ta. Amma wanda aka ba kuɗi ya sayo rigar gaske, ya je ya sayo mai kama da ita, koriya mai zif da aljifai amma yadin roba, ba shi da hakkin fakewa da kalmar. A bakinsa ta zama mayafin cin amana. Irin waɗannan riguna na jabu suna nan a tarin gwanjo, ido ba ya bambanta su da na ainihi. Yayana ya yarda da ni a wannan gaɓar, don ya fi ni sanin babin amana, ko da yake har yau yana ganin na cika ba wa yadi muhimmanci.

Wani abu guda yana damuna, kuma hujjojin da na kawo ba su kawar da shi ba. Duk wannan ilimi, duk wannan awo, an tara shi ne don kare fatar mutumin da aikinsa kai wuta kan wasu. Ba na zargin matuƙi. Yaranmu sun yi yaƙi da Boko Haram a yankin Tafkin Chadi, kuma barcin da muke yi a Farcha da jininsu a ciki. Amma ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan saman Nijeriya ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, can Kala Balge, ba nisa da mu in ka tsallaka Kusiri, aƙalla mutum 90 suka rasu. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, aƙalla 85 suka tafi. Idan umarnin daidaita awo ya hau kan maƙerin sulke, to ya fi hawa kan wanda zai danna maɓalli. Hankalin da ya iya ƙirga sakan huɗu don fatar soja ɗaya ba shi da uzurin gaggawa a kan taron mata da yara.

Mu na ƙasa kuma ba mu fi ƙarfin wuta ba. Daren 18 ga Yunin 2024, da rumbun makamai na Goudji ya kama, daga nan Farcha muna ganin sama ta yi ja, gwamnati ta ce mutum 9 sun rasu, 46 sun ji rauni. A watan Oktoban shekarar tankar mai ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka ƙone. Kullum ina wuce yara masu sayar da fetur a kwalabe a bakin titi sanye da rigar ƙwallo, wadda roba ce zalla, da mata masu suya a gaban tukunyar gas da mayafi mai santsi yana reto kusa da wuta. Ba za mu iya saya musu Nomex ba. Auduga ma tana cin wuta, kada a ruɗe, amma ba ta narkewa ta manne a jiki, mai kauri kuma takan ba mutum damar tuɓe ta. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Matuƙan East Grinstead da masu miƙa wa Alice Stoll damtse sun riga sun ƙone a madadinmu, ilimin yana nan kyauta.

Roƙona ga 'yan'uwana teloli, daga Farcha har Kantin Kwari da kasuwar Maradi: in makanike ko mai walda ko mai suya ko ɗan bumburutu ya kawo ɗinkin kayan aiki, a tambaye shi aikinsa kafin a yanka, a zare zare ɗaya daga bakin yadin a kara masa ashana a gabansa. In ya narke, a gaya masa gaskiya ko da cinikin zai tafi. Masu sayo wa sojoji kaya kuma su ji tsoron Allah, su nemi shaidar gwaji kafin su sa hannu a takarda.